Tuwo a Ƙarƙashin Matashi

Ranar da Nafi'u ya zo gidanmu
baƙar leda ɗaya ce kayansa,
silifas wari da wari.
Shekara shida. Uwa ta rasu a asibiti,
dangi sun ce su ma ta kansu suke.
Tasalla ta ce, "Kawo shi." Na kawo shi.

Mun yaye huɗu, mun aurar da biyu,
na ɗauka riƙo ruwa ne da na san zurfinsa.
Sai ga tuwo a ƙarƙashin matashi,
ya bushe, ya yi fumfuna.
Sai ga yaro ya faɗi ba ya kuka,
amma a buga ƙofa da ƙarfi, wando ya jiƙe.

Ni mai gyaran rediyo ne a Gwammaja.
In abu ya yi shiru, bayansa nake buɗewa,
in bi waya har in ga inda ta tsinke.
Wannan ba shi da notin da zan kwance.

Wata Laraba, rediyon wani da ke hannuna
ta farfaɗo a tsakiyar sanarwa:
"...taron bita ga masu riƙon yara, ranar..."
sai batir ya mutu.
Na girgiza ta. Na lallashe ta. Shiru.

Na shiga Adaidaita Sahu, ofis zuwa ofis.
Masinja ya ce sai Talata.
Talata ta ce oga ya yi tafiya.
Wata mai tabarau ta rubuta min lamba,
lambar ta ce a kashe take.
Aka tura ni otal a Bompai. Taro kam ana yi,
amma na masu kiwon kaji.
Na sha lemonsu na fito.

'Yan majalisa suka samu abin dariya:
"Ɗanjummai, da furfurarka za ka koma aji,
a koya maka zama uba?"
Na ce matambayi ba ya ɓata,
ko da yake na ɓata sau uku a makon.

A bangon asibiti na same ta,
takarda da rubutun hannu, ruwa ya lashe gefe:
Asabar, ƙarfe goma, wata firamare a Tarauni.

Bencin yara, gwiwa har haɓa.
Mu goma sha ɗaya. Ba jaka, ba alawus.
Direban tanka daga Hotoro,
Maman Bitrus daga Sabon Gari,
wata tsohuwa da jikar maƙwabciyarta a goye.
Malama Asabe ta ajiye alli ta ce,
"Wa ya taɓa tsintar abinci a ɓoye?"

Hannu bakwai suka tashi.
Na ƙirga su sau biyu
kafin in ga nawa na cikinsu.

Ta ce, "Ba sata ba ce.
Cikinsa ne bai yarda da gobe ba tukuna.
Ku ba shi kwano mai murfi, nasa shi kaɗai,
kada kowa ya buɗe.
Kada ku raba shi da sunan ubansa.
In ya ambaci uwarsa, ku bar shi ya ƙarasa."
Direban tanka ya juya ga taga,
wai ƙwaro ya faɗa masa ido.

A Kasuwar Rimi na sayi kwanon,
shuɗi, murfin ya ɗan lotse.
Har yanzu yana ɓoyewa wani dare.
Amma shekaranjiya ya biyo ni shago,
ya buɗe kwanon, ya gutsuro ƙosai,
ya ɗora min a kan teburi, kusa da dalma,
bai ce komai ba.

Akwai wani zaman a ƙarshen wata.
Na kwafi sanarwar sau goma,
ɗaya na manne a ƙofar shago,
rana da lokaci da manyan baƙaƙe,
don kada batirin wani ya mutu
daidai wurin da nawa ya mutu.